Bencin Ranar Alhamis

Asabar, 7 ga Satumba, bayan azahar

Maigidana Malam Buba lafiya, sai ciwon bayan da tuƙin kwale-kwale yake sa masa duk damina. Cikin 'ya'yana, Mukhtar yana Kano, ya kira jiya, lafiya. Musaddiq da Usman lafiya, suna fadama suna korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa. Binta zazzaɓi ya sauka, ta sha koko da safe bai dawo ba. Auta tana tari. Akuyar da ta ci leda ta miƙe. Ni ma in an tambaye ni lafiya nake cewa.

Ta ƙetare ce ban sani ba. 'Yata ce ta fari, tana aure a ƙetaren kogi, gidan Safiyanu. Ba na faɗin sunanta, ban taɓa faɗa ba, haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi da ɗan fari. Ko a littafin nan da ba mai buɗewa sai ni, hannuna ya ƙi rubutawa.

Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce mu riƙa rubuta abin da ya faru kullum, don kada hannu ya manta. Shekara uku ina rubuta ruwan sama da bandar kifi. Abin da ya faru shekaranjiya Alhamis ban san yadda ake rubuta irinsa ba.

Lahadi, 8 ga Satumba, hantsi

Bari in rubuta, ko zai sauka daga ƙirjina.

A ƙaramin asibitin babban gari, ranar Alhamis ce ranar tazarar haihuwa. Kyauta ake yi. Ɗakin yana can baya kusa da tankin ruwa, benci ɗaya ne dogo a ƙofarsa, matan ƙauyuka shida suke zama a kai. Mai hali tana shiga Haɗeja ta je kemis ta yi abinta ba wanda ya gan ta. Mu namu rana ɗaya ce da benci ɗaya.

Haihuwata goma sha ɗaya, shida suna raye. Bayan Auta jini ya kusa tafiya da ni, shi ne Malam ya ce in je, amma kada ya ji maganar a bakin masallaci. Tun daga nan duk wata uku nake karɓar allura wurin Malama Shamsiyya. Ban taɓa haɗuwa da wadda na ji nauyinta ba.

Alhamis ɗin nan na zauna a ƙarshen benci, na ja mayafi. Matar da ke gabana ta ba ni baya, da goyo. Zanen goyon na fara ganewa, shuɗi mai zanen tsuntsu, ni na saya a kasuwar Haɗeja kafin suna. Sai jaririyar ta juyo ta yi mini dariya. Bilkisu ce, jikata. Uwar ta waiwayo ta ga me ake wa dariya.

Ta sauka daga benci ta durƙusa. Ta ce, "Yaya, ina kwana." Yaya take ce mini, don a hannun kakarta ta girma.

Na ce maganin zazzaɓin Binta na zo karɓa. Ta ce ita ma rigakafin yarinya ta kawo. Maganin zazzaɓi a tagar gaba ake bayarwa. Rigakafi ranar Talata ake yi. Ta sani, na sani.

Na miƙe na bi ta bayan tanki na fita, don ta samu ta zauna ta karɓi nata. Har na iso gida fuskata tana zafi. Mai jikoki uku, a ce 'yar cikina ta gan ni a wannan layi, ta san har yanzu ina da buƙatarsa.

Litinin, 9 ga Satumba, da safe

Ba komai, ai na bar mata wurin.

Talata, 10 ga Satumba, bayan la'asar

Mairam ta shigo aron rariya. Maƙwabciyata ce, duk Alhamis tana kai dafaffiyar gyaɗa ƙofar asibitin, ba abin da ke wuce idonta. Ita ashana aka sa mata a dantse, irin mai shekaru, kuma ba wadda ba ta nuna wa ba a unguwar nan.

Tana shiga ta hau dariya. Wai ta ga uwa ta fita ta baya kamar an biyo ta da muciya, ko minti biyar ba a yi ba 'ya ta fita ta gaba, ko gyaɗa ba ta tsaya saya wa yarinya ba. Wai har Malama Shamsiyya ta leƙo tana tambayar ina masu lamba tara da goma.

Ban yi dariya ba. Mairam ta dube ni ta daina.

Wata goma da suka wuce aka yi wa ta ƙetare aiki a babban asibitin Haɗeja aka ciro Bilkisu. Ni na yi jinyarta. Ina zaune a tabarma a gindin gado likita ya ce da ita da Safiyanu, cikin nan an ɗinke shi, kada ya sake ɗaukar komai sai ya huta shekara biyu, in ba haka ba ɗinkin yana iya buɗewa, kuma daga ƙauyensu zuwa asibiti da nisa. Na yi kamar ina ninke zani, amma kunnena ya ji duka.

Ita ke da buƙatar bencin nan fiye da ni. Zamana a kai ne ya tashe ta.

Alhamis, 12 ga Satumba, da safe

Ba zan je ba. In ta zo ta tarar ba na nan, za ta zauna. Na ba Mairam daddawa na ce ta duba mini.

Alhamis, bayan la'asar

Ba ta zo ba.

Mairam ta ce, "Ke kin zauna a gida don ta je, ita ta zauna a gida don ki je. Ni dai gyaɗata ce ta yi kwantai, kun rage mini mutum biyu."

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

Na tuna Malama Shamsiyya ta taɓa gaya mini, ran da na makara saboda rasuwar ƙanwar Malam, cewa allura tana ɗaga wa mutum ƙafa na wasu makonni bayan ranarta. Da wannan nake kwantar da hankalina. In ta ƙetare ta je Alhamis mai zuwa, ba abin da ya ɓaci.

Mairam ta ce in aika mata kawai. In ce me? In ce je ki karɓi abin da kika gan ni ina jira? Ban taɓa yi mata maganar da ta wuce gaisuwa da aike ba. Ran da ta fara ganin al'ada, kakarta ce ta zaunar da ita. Ran da za a kai ta, ƙanwata ce ta yi mata faɗa, ni ina bayan ɗaki ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Kowa ya yaba, aka ce Ummussalma akwai kunya.

Litinin, 16 ga Satumba, hantsi

Ruwa ya ƙaru. Malam ya ce ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa ta gabas, shi ya sa yake juyowa kanmu. Maza sun kwana biyu suna jera buhunan ƙasa. Shinkafar da ke gangare kanta kawai ake gani.

Na kwashe kifin banda na ɗora a kan rumbu. Na ƙona gefe guda jiya saboda hankalina ba ya wurin.

Alhamis, 19 ga Satumba, azahar

Hanyar babban gari ta yanke a wurin kwalbati. Mairam ta je da farantinta ta dawo da shi cike. Ta ce ta ji a can cewa ruwa ya shiga harabar asibiti har gwiwa, an kulle, an kwashe magunguna a mota. Bencin ma yana cikin ruwa.

Alhamis biyu muka zubar da hannunmu lokacin da hanya take a bushe.

Asabar, 21 ga Satumba, da safe

Na roƙi Malam wayarsa, na ce zan yi wa mutanen ƙetare jajen ruwa. Wayar Safiyanu ce a can. Muka gaisa da shi, ya ce katangar bayan gida ta zube amma ɗakuna suna nan, sannan ya miƙa mata. Ina jin motsinsa kusa da ita. Malam ma yana zaune a gabana yana ɗinkin koma.

Na tambayi ruwa, ta ce da sauƙi. Na tambayi yara, ta ce lafiya. Na tambayi surukarta, ta ce tana gaishe ni. Na ce to jikin naki fa? Ta ce alhamdu lillahi.

Na ce, "Rigakafin nan na yarinya, kada a yi wasa da shi."

Ta ce, "To Yaya. Maganin Binta ma."

Sai katin ya ƙare. Malam ya ɗago ya ce ai Binta ta warke tuntuni. Na ce e.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan azahar

Ba abin rubutawa. Ruwa. Sauro. Auta tana tari har yanzu.

Lahadi, 29 ga Satumba, bayan la'asar

Mun shiga Haɗeja da kifi, rabi a kwale-kwale rabi a a-kori-kura. Bayan na sallami kayana na je na tsaya a gaban wani kemis. Na ce ko in sayi maganin tazarar in ba Mairam ta kai wa ta ƙetare, tunda ita tana haye ƙetare sarin ɗanyen kifi. Na daɗe a tsaye har mai shagon ya ce Hajiya me za a ba ki. Saurayi ne sa'an Mukhtar, ga maza biyu a zaune suna jin rediyo. Na ce maganin tari.

A hanyar dawowa na ga wautata. Ko na saya, wa zai yi mata allurar a can? Kuma ban ma san irin wanda take karɓa ba. 'Yar da na ɗauki cikinta wata tara, ban san wannan ba, Malama Shamsiyya ta sani.

Auta dai ta samu maganin tari.

Talata, 1 ga Oktoba, da safe

Na kasa daurewa na ba Mairam saƙo. Na ce in ta haye ta ja 'yata gefe ta ce mata in an buɗe asibiti ta je, ba za ta tarar da kowa ba. Kada ta ce ni na aiko.

Alhamis, 3 ga Oktoba, la'asar

Mairam ta dawo. Ta ce ta same ta tana surfe, ta faɗa mata, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce to. Ta ce ta rame a wuya. Na ce wace irin rama? Ta ce irin ta damina, kowa ma ya rame, ke kin duba madubi?

Sannan ta ce, "Ummussalma, ni ba na ɗaukar saƙon da ba shi da mai aikowa. Yarinyar nan ta tambaye ni wa ya ce, na ce iska. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ce ba haka aka raine mu ba. Ta ce ita ma ba haka aka raine ta ba, amma ta yi wa mata huɗu wankan gawa a unguwar nan, duk a kan gwiwa suka tafi, kuma ba wadda aka yi wa addu'a aka ce Allah ya ji ƙanta da kunyar uwarta.

Na ji haushinta. Ban ba ta rariyar da ta sake zuwa nema ba, na ce tana jiƙe.

Lahadi, 6 ga Oktoba, hantsi

Allura tana ɗaga ƙafa. Na ƙirga, wata ɗaya ke nan da kwana ɗaya. Ban san iyakar ɗaga ƙafar ba.

Ni kaina tun ran nan nake ce wa Malam ba na jin daɗi. Bai tambaye ni komai ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan azahar

Safiyanu ya zo a kwale-kwale da Bilkisu a kafaɗa da ƙullin kaya. Ya tsuguna a zaure wurin Malam, ni ina daga ciki ina ji. Wai an kawo ta yaye.

Watanta goma sha ɗaya. Yayyenta biyu sai da suka kusa shekara biyu aka kawo mini su, suna tafiya da ƙafarsu suna kiran sunan akuya. Wannan ko tsayuwa sai ta kama bango.

Malam ya ce ba a yi gaggawa ba kuwa? Safiyanu ya ce uwar ce ba ta jin ƙarfin jikinta, ko ƙaurin kifi ba ta so, tsofaffin gida suka ce gara a cire yarinyar. Malam ya ce Allah ya sawwaƙe.

Kowace mace a ƙasar nan ta san abin da ke sa a cire ɗa daga nono kafin lokaci.

Zazzaɓi ma yana sa mutum ya ƙi ƙaurin kifi. Zazzaɓi ma yana sa haka.

Juma'a, kafin magariba

Na kwance ƙullin kayan. Riguna huɗu, hula, man shafawa, zanen goyo mai tsuntsu. A cikin zanen an ninke wani abu an ɗaure da zare. Katin asibiti ne irin nawa, kore. A cikinsa akwai fankon ƙwayoyi, irin mai layi-layi, an cinye duka.

Ba allura take yi ba. Ƙwaya take sha.

Na zauna a ƙasa. Wata guda ina rarrashin kaina da ɗaga ƙafar allura, ashe ranar da na tashe ta daga benci ƙwayarta ta ƙarshe ke nan ko ta kusa.

Kati ba ya shiga zanen goyo da kansa ya ɗaure kansa da zare. Ta san yanzu ina karatu. Ita ce ma ta fara nuna mini baƙaƙen sunana a bangon ɗaki da gawayi, tana aji huɗu, na ce ta goge kafin babanta ya gani. A saman katin an rubuta sunanta da biro. Na daɗe ina kallonsa. Ban taɓa ganinsa a rubuce ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Bilkisu ta ƙi kunu, ta ƙi koko, tana ta laluben ƙirjina. Na goya ta da zanen uwarta ina zagaya tsakar gida. Na ce ƙawata yi haƙuri, laifin kakarki ne. Binta ta ji ta ce wane laifi Inna? Na ce ta je ta ba akuya ruwa.

Litinin, 14 ga Oktoba, azahar

Na kai wa Mairam rariya da kaina. Ta karɓa, ta zubo mini gyaɗa a gefen zani. Ta ce an ce ma'aikatan asibiti sun sauka a firamaren kan tudu, suna duba waɗanda ruwa ya kora, kuma ranar Alhamis Malama Shamsiyya tana nan da kayanta.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je, da Bilkisu a baya. Ajin da suka ba ta shi ne ajin da muka yi yaƙi da jahilci. An rataya zannuwa an raba shi biyu. Na zauna a layi na duba kowace mace da ta shigo. Ba ta zo ba. Daga ƙetare ba a zuwa yanzu sai a kwale-kwale, kuma mace ba ta ɗaukar kwale-kwale ta ce za ta je sayen gishiri.

Malama Shamsiyya ta yi mini faɗan makara, ta sa na yi gwajin fitsari, babu komai, ta yi mini allurata. Ina gyara zani na ce ina da tambaya a kan wata mata. Na ce an yi mata aiki wata goma sha ɗaya, ƙwaya take sha, ta ƙare mata mako shida, yanzu ba ta son ƙaurin kifi.

Ta ajiye biro. Ta ce ƙwaya ba ta ɗaga ƙafa ko ta kwana uku. Ta ce mata da yawa suna zaɓenta don suna tsoron allura ta rikita musu jini su rasa lissafin salla, amma ga wadda ke nesa da asibiti ita ce mai saurin yankewa. Ta ce dole a gwada matar. In babu ciki, ga ashana, a sa mata a dantse ta huta shekarun da likita ya ce ba tare da zuwa layi ba, ko kuma a koya mata allurar da mace ke yi wa kanta a ɗaki, a ba ta ta tafi da ita gida. In kuma akwai ciki, to tun yanzu za ta rubuta mata takarda zuwa babban asibiti, a riƙa dubawa, kuma kada ta kuskura naƙuda ta same ta a ƙauye.

Ta ce, "Da ciki ko babu, kawo mini ita. Alhamis mai zuwa ce ta ƙarshe a nan, daga nan za a tura mu wajen Kirikasamma, asibitinku kuma sai an gyara. Matar nan, yaya sunanta?"

Na buɗe baki ya ƙi. Na zaro katin na miƙa mata.

Ta karanta, ta dubi Bilkisu, ta dube ni. Ta ce, "Lamba tara da lamba goma." Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba mu ne na farko ba, akwai suruka da matar ɗa da suka yi shekara suna gudun juna a ƙofarta. Ta ce maganin gwamnati ta kawo shi kyauta, amma ba ta da inda za ta samo wa kowa benci nasa.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Malam yana shirin fita na ce ina son in haye ƙetare ranar Alhamis da sassafe, daga can mu wuce kan tudu. Ya tsaya yana naɗe igiya. Ina jira ya tambayi dalili, ban san me zan ce ba.

Ya ce, "Kwale-kwalen yana nan. Ba zan fita su ba ran nan." Ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce, "Shi yaron zan yi masa magana a waya. Ita kuma ke ce uwarta."

Shi ma bai faɗi sunanta ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na gwada rubuta sunanta da tsinke a ƙasa a bayan rumbu. Baƙaƙe takwas ne. Na share da ƙafa kafin Binta ta iso. Na sake gwadawa.

In na je ƙofar gidansu ba ta san da zuwana ba, za ta durƙusa ta ce Yaya ina kwana, ta kawo mini ruwa, in tambayi katanga, in dawo. Na san kaina.

Asabar, 19 ga Oktoba, hantsi

Na yi niyyar yage takarda ɗaya in rubuta miki gajeren saƙo. Na ɓata uku, duk suna komawa maganar ruwa da yara. Don haka ga littafin gaba ɗaya, Mairam za ta kawo miki shi gobe a ƙasan kwanon dambu. Ki karanta tun daga farko. Akwai abin da uwa ba ta so 'yarta ta sani a kanta, yana ciki, ban yage ba. Kin aiko mini da katinki, ni ma ga nawa.

Bilkisu ta fara shan kunu da cokali. Jiya ta saki bango ta yi taku biyu zuwa wurin kakanta.

Ran nan ba maganin Binta na je karɓa ba. Da na zauna kusa da ke na riƙe miki yarinya kin shiga kin fito, da yanzu ba wannan maganar muke yi ba. Ki yafe mini.

Ban san abin da gwajin zai nuna ba. In babu komai, ki zaɓi wanda hankalinki ya kwanta da shi, ke da mijinki, ba zan sa baki ba. In kuma akwai, ba abin kunya ba ne, kuma ba ke kaɗai za ki ɗauka ba. In lokaci ya matso zan kai ki gidan ƙanwata a Haɗeja, kusa da asibiti, in zauna da ke har Allah ya sauke ki lafiya.

Ranar Alhamis bayan asuba babanki zai tuƙo ni har bakin gaɓarku. Zan zo da Bilkisu ki gan ta. A kan tudu kujerun 'yan makaranta ne, mutum biyu suke ɗauka. Zan zauna a gefenki, ba zan ja mayafi ba, kuma in Malama ta tambayi wa ta zo, ni zan faɗa mata da bakina.

Shafin ƙarshe na bar miki shi fari. Ko kalma ɗaya ce ki rubuta ki ba Mairam, za ta sake hayewa ranar Talata. Ina son amsarki ta iso hannuna kafin Laraba da la'asar.

Sakinatu, ki amsa mini.

Ni ce mahaifiyarki.